Tsabtace Faifan Ajiya na Waje Daga Miyagun Manhajoji: Cutar da Kuma Zaɓen Maganinta

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, wata 'yar ajinmu mai rubuta kundin digirinta a kan waƙoƙin daka da na niƙa ta kai faifanta na ajiya wani shagon buga takardu, domin a buga mata babi na uku ta kai wa malamin da ke duba aikinta. Da ta dawo ɗaki ta jona faifan da kwamfutarta, sai ta tarar jakunkunan da ke ciki duk sun sauya kama. Kowace ta fito da 'yar kibiya a gindinta, girmanta kuma bai wuce kilobait biyu ba. Alhali kuwa a cikin jakunkunan nan akwai muryoyin tsofaffin mata da ta shafe makonni tana ɗauka a ƙauye, ɗaya daga cikinsu ma Allah ya yi mata rasuwa bayan hirar. Wani mai gyara ya ce da ita magani ɗaya ne, a yi wa faifan fomatin, watau a share shi kakaf. Wani abokin karatu kuma ya ce ta sauko da wata manhaja daga intanet wadda aka ce tana kashe cutar cikin minti guda. Allah ya taimake ta ba ta bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu ba, domin daga bisani an gano cewa babu fayil ko guda da ya salwanta. Ɓoye su kurum aka yi.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska, har za a kawo zancen kwamfuta cikin mujallar sashen Hausa? Dalilin kuwa shi ne, dukiyar ɗalibin Hausa a yau a cikin irin wannan faifai take zaune: hirarraki da mawaƙa da maroƙa, da hotunan takardun ajami, da tatsuniyoyin da aka juya daga murya zuwa rubutu. Littafi idan ya ɓata a sayi wani, amma muryar tsohuwar da ta riga mu gidan gaskiya ba a sayar da ita a kasuwa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna yadda cutar take aiki, da yadda ake bi a fitar da ita ba tare da an yi asarar aiki ba, sa'an nan a duba yadda za a bambance maganin gaskiya da na jabu. Ra'ayina shi ne, gaggawar neman magani ta fi cutar kanta halaka ayyukan ɗalibai.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Abin da nake nufi da faifan ajiya na waje shi ne akwatin nan ɗan madaidaici da ake jonawa da kwamfuta ta hanyar waya, wanda ɗalibai kan ce masa "estanal" kurum. Duk abin da za a faɗa game da shi ya shafi ƙanensa, watau filash, da katin memori.

A bakin jama'a kowace irin ɓarna "bairos" ce. Asalin kalmar aro ce daga fannin likitanci, wanda kuwa ya kafa ta a fagen kwamfuta shi ne Fred Cohen, a wata takarda da ya gabatar a 1984 yana ɗalibi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Ni dai na zaɓi "muguwar manhaja" ta zama uwar kalma, sa'an nan a rarrabe 'ya'yanta, domin kowace da irin maganinta. Ƙwayar cuta ita ce wadda ke liƙe jikinta a cikin wata manhaja ta kirki, ba ta iya rayuwa ita kaɗai. Tsutsa kuwa tsaye take da ƙafarta, tana kwafar kanta daga wannan na'ura zuwa waccan. Akwai kuma wadda Turawa suka laƙaba wa sunan dokin katakon nan na labarin yaƙin Taroy, mai zuwa da siffar abu mai amfani alhali mugunta ce a cikinta. A ganina ba mu da bukatar aron dokin Girkawa, tun da muna da angulu da kan zabo, wanda ya fi shi fito da ma'anar a kunnen Bahaushe. Ta ƙarshe ita ce 'yar garkuwa, mai kulle fayilolin mutum ta ce sai an biya fansa.

3.0 Yadda Cutar Take Shiga Faifai

Yawon cuta a kan abin ajiya ya girmi intanet ɗin da muka sani. Ƙwayar cutar da ake ɗauka ita ce ta farko a kan kwamfutoci irin na IBM, mai suna Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta ta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, kuma a kan ƙananan faya-fayan wancan zamani ta zaga duniya daga hannu zuwa hannu.

Da filash da faifan waje suka yawaita, sai miyagu suka samu wata ƙofa a buɗe a cikin Windows. A da, idan aka jona faifai, Windows yakan karanta wani ɗan fayil mai suna autorun.inf ya bi umurnin da ke ciki. An yi haka ne domin sauƙaƙa wa masu saka manhaja, amma sai ya zama tamkar an bar wa ɓarawo mabuɗi a bakin ƙofa. Tsutsar Conficker da ta ɓulla a watan Nuwamba na 2008 ta bi ta wannan ƙofa, a cikin wasu hanyoyin, ta kama miliyoyin kwamfutoci. A wannan shekarar ce kuma wata tsutsa mai suna Agent.btz ta shiga kwamfutocin rundunar sojan Amurka ta kan filash guda, har aka hana sojoji amfani da filash na wani lokaci. Kamfanin Microsoft ya toshe ƙofar a cikin Windows 7 a 2009, sa'an nan a watan Fabrairu na 2011 ya aika da gyara ga masu XP da Vista.

A nan ya kamata mu tsaya mu fahimci wata ƙa'ida, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya dogara. Faifan ajiya ba ya tunani, ba ya kuma gudanar da komai da kansa. Muguwar manhajar da ke kwance a cikinsa kamar iri ce a rumbu, ba ta tsiro sai an shuka ta, shukawar kuwa ita ce kwamfuta ta tashe ta. An taɓa samun togaciya mai ban tsoro: Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata injunan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, buɗe jakar kawai ya ishe ta, saboda wani rauni da ke cikin Windows. An ɗinke wannan rauni a watan Agusta na shekarar. A kan kwamfutar da ake sabuntawa, mafi yawan lokuta sai mai ita ya danna wani abu da hannunsa kafin cutar ta kama shi.

To, da ƙofar ta rufe sai miyagun suka koma yaudarar hannun da ke dannawa. Ga yadda tsutsar da ta kama 'yar ajinmu take yi. Tana zaune a cikin kwamfutar shago tana jiran a jona faifai. Da zarar an jona, sai ta kwafi kanta a ciki, ta sa wa jakunkunan gaskiya alamar "ɓoyayye" da alamar "na tsarin kwamfuta" don kada ido ya gan su, sa'an nan ta ƙirƙiri 'yan gajerun hanyoyi, waɗanda ake kira shotkot, masu suna da hoto iri ɗaya da jakunkunan. Idan mai faifai ya danna shotkot ɗin, tsutsar ce za ta fara tashi ta shige kwamfutarsa, bayan haka ta buɗe masa jakar da yake nema. Shi ya ga kayansa, hankalinsa ya kwanta, bai san an riga an yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Dangin Jenxcus da na Gamarue sun yi suna da wannan dabara. Ita Gamarue takan kwashe komai ta zuba a wata jaka marar suna, ta bar shotkot guda ɗaya tak. Jami'an tsaro na ƙasashe daban-daban sun wargaza cibiyoyinta a ƙarshen 2017, amma dabarar ba ta mutu ba, domin Raspberry Robin da aka gano a 2021 ita ma da shotkot a kan filash take yaɗuwa.

4.0 Matakan Tsabtacewa

Mataki na farko shi ne a dakata. Kada a danna shotkot ko ɗaya, kada a ajiye sabon abu a faifan, kada kuma a yarda da zancen fomatin. A dubi adadin wurin da aka cinye a faifan. Idan da can gigabait 300 ne a cike, yanzu ma 300 yake nunawa, to kayan suna nan daram ko da ido bai gan su ba.

Daga nan sai a juya ga kwamfuta, kuma wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Duk wanda ya riga ya danna shotkot, to kwamfutarsa ta kamu. Tsabtace faifai a kan kwamfutar da ta kamu ɗibar ruwa ne da kwando, ana sharewa tsutsar tana mayarwa, wani lokaci ma kafin a lissafa goma. Na ga ɗalibin da ya yi wa filash ɗinsa fomatin sau uku a yini ɗaya yana cewa filash ɗin ne marar kyau. Saboda haka a cire faifan, a sabunta manhajar riga-kafin da ke kwamfutar, a sa ta binciki ko'ina. A cikin Windows 10 da 11 akwai Microsoft Defender, yana kuma da wani sashe mai suna Defender Offline wanda ke kashe kwamfutar ya tashe ta, ya yi bincike tun kafin Windows ya gama farkawa, lokacin da tsutsar ba ta da ikon ɓuya ko kare kanta. In an rasa tabbaci, gara a nemi wata kwamfutar da aka san lafiyarta. A lura kuma cewa Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun watan Janairu na 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutocin da nake gani a shagunan buga takardu da yawansu waɗannan tsofaffin suke ɗauke da su.

Kafin a sake jona faifan, a kashe AutoPlay a cikin saitin Windows, sa'an nan a shiga saitin File Explorer a umurce shi ya nuna ɓoyayyun fayiloli, har da waɗanda ake kira na tsarin kwamfuta, ya kuma nuna wutsiyar sunan kowane fayil. Wutsiyar nan, watau haruffan da ke bayan ɗigo, ita ce ke faɗin asalin fayil, kamar yadda ɗafa-ƙeya ke nuna jinsi a kalmar Hausa. Windows yakan ɓoye ta, shi ya sa fayil mai suna babi-na-uku.docx.exe yake bayyana kamar takarda alhali manhaja ce. Bayan an jona faifan, kada a buɗe shi tukuna. A danna ɓangaren dama na linzami a kan hotonsa a zaɓi bincike. Abin da manhajar riga-kafi ta kama, a ce ta killace shi, kada ta share, domin takan yi kuskure ta kama marar laifi, abin da aka killace kuwa ana iya dawo da shi.

Sau da yawa manhajar riga-kafi takan kashe tsutsar amma ta bar jakunkuna a ɓoye, a nan ne mutane suke fid da rai. Maganin layi ɗaya ne. A buɗe tagar umurni, watau cmd, in harafin faifan E ne sai a rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Harafin h yana tsaye ne a madadin alamar ɓoyewa, r ta hana gyara, s ta tsarin kwamfuta, ɗan layin da ke gaban kowane kuma yana nufin a cire alamar. Sauran biyun suna cewa a bi har cikin ƙananan jakunkuna. A tabbata harafin faifan aka rubuta, kada a kuskura a sa C, wanda shi ne cikin kwamfutar kanta. Akwai kuma wani kuskure da ya yaɗu tsakaninmu, na ɗaukar wannan umurni a matsayin magani. Ba ya kashe komai, yaye mayafi kawai yake yi. Wanda ya tsaya a nan ya ga kayansa, ya kuma ci gaba da raba cutar ga duk wanda ya ari faifansa.

Da komai ya fito fili, sai a share shotkot ɗin duka, da autorun.inf in akwai, da duk wani fayil mai wutsiyar vbs ko js ko scr ko exe wanda mai faifai bai san da zamansa ba. Amma jakunkuna biyu, $RECYCLE.BIN da System Volume Information, na Windows ne, ganinsu ba alamar cuta ba ce.

Sai kuma kwashe kaya zuwa wani wuri, wanda shi ma da ƙa'idarsa. Muryoyi da hotuna da bidiyo da takardun docx haɗarinsu kaɗan ne, a kwashe su bayan an bincike su. Manhajoji kuwa a bar su su tafi. Ƙwayoyin cuta irin su Sality, da aka fara gani a 2003, da Ramnit ta 2010, cikin jikin fayilolin exe suke shiga, ko an yi musu magani ba lalle su koma daidai ba. Tsofaffin takardun Word masu wutsiyar doc, da masu docm, suna iya ɗaukar ƙananan umurnai da ake kira makro, waɗanda da su Melissa ta yi ɓarna a 1999. In takarda ta buɗe tana roƙon a ba makro izini, a ƙi.

Bari in ɗan yi ratse a nan. Mu 'yan sashen Hausa muna da wata ƙofar shigar cuta ta musamman, ita ce neman haruffa masu lanƙwasa. Kowane ɗan aji ɗaya yakan karɓi manhajar rubuta ƙ da ɗ da ɓ daga filash ɗin na gaba da shi, ta bi hannu goma kafin ta iso gare shi. Ga shi kuwa Windows 10 da 11 suna ɗauke da allon rubutun Hausa a cikinsu, ƙara shi kawai ake yi daga saitin harshe.

Wanda yake da ɗan sani yana iya bin wata hanyar da ta fi aminci: ya tashi kwamfuta da Ubuntu daga kan filash ba tare da ya girka shi ba. A can alamar ɓoyewa ta Windows ba ta rufe komai, manhajojin Windows kuma ba sa tashi da kansu, sai ya zaɓi kayansa a natse.

5.0 Zaɓen Kayan Aiki

Manhajar riga-kafi ita ce aka fi sakar wa mara a cikin kwamfuta. Tana buɗe kowane fayil, tana share abin da ta ga dama, tana shiga inda mai kwamfutar kansa ba ya shiga. Don haka babu rigar da mugu ya fi son sawa kamar tata. Wajen shekarar 2008 an yi annobar manhajojin jabu masu sunaye irin su WinFixer da Antivirus XP 2008. Sukan nuna wa mutum jerin cututtukan ƙarya da jan rubutu, su ce sai ya biya kafin a cire. A watan Disamba na shekarar Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka ta kai masu wannan sana'a kotu, ta ce sun yaudari mutane fiye da miliyan ɗaya. Sunayen sun shuɗe, sana'ar tana nan.

Ana gane jabu da halinsa. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin faifan mutum, saboda haka duk shafin da ya yi tsalle ya ce ya gano cuta 27 a kwamfutarka ƙarya yake yi. Haka nan mai ƙirga daƙiƙoƙi yana cewa lokaci zai ƙure, da mai ba da lambar waya a kira, da mai cewa a kashe manhajar riga-kafin da ke akwai kafin a saka shi. Mafi muni a cikinsu, a ganina, ita ce manhajar riga-kafi ta kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta, wadda masu gyara kan saka wa mutum a matsayin alheri. Wanda ya iya fasa ta ya iya cusa abin da ya so a ciki, wannan kuwa ba kura ajiyar nama ne.

To ina za a dosa? Abu na farko shi ne asali. A sauko da manhaja daga shafin kamfanin da ya yi ta, a rubuta adireshin da hannu, kada a bi tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike, domin an sha samun miyagu sun sayi wannan wuri. Bayan an sauko da ita a duba bayanan fayil ɗin a ga ko yana ɗauke da sa-hannun kamfanin. Sa'an nan a nemi shaidar wanda ba shi da riba a cinikin. Akwai cibiyoyi biyu da suka shahara wajen gwada manhajojin riga-kafi, AV-TEST a Magdeburg ta Jamus da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya, kowa kuma yana iya karanta sakamakonsu. Manhajar da ba a taɓa jin sunanta a irin waɗannan gwaje-gwaje ba, tana kuma kirarin ta fi kowa, abar tuhuma ce.

Ga ɗalibi marar kuɗi, Microsoft Defender ya isa zama mai gadi na dindindin, muddin ana sabunta shi. Idan ana son ra'ayi na biyu, akwai masu zuwa su yi bincike su tafi: Microsoft Safety Scanner, wanda ke daina aiki kwana 10 bayan an sauko da shi don kada a dogara da tsohon sani, da Malwarebytes, da ESET Online Scanner. Kada dai a zaunar da masu gadi biyu na dindindin a kwamfuta ɗaya, domin sukan yi karo su nauyaya ta. Smadav, wadda aka yi a Indunusiya kuma ta karɓu ƙwarai a tsakanin ɗalibanmu, tana da amfani wajen fito da ɓoyayyun jakunkuna, amma masu ita da kansu a matsayin kariya ta biyu suke gabatar da ita, kuskure ne a bar ta ita kaɗai.

Idan fayil ɗaya ne ake kokwanto a kansa, ana iya ɗora shi a shafin VirusTotal, wanda aka kafa a Sifen a 2004, Google ya saye shi a 2012. Zai gwada shi da manhajojin riga-kafi wajen 70 a lokaci guda. Sai dai akwai sharaɗin da ya shafe mu kai tsaye: abin da aka ɗora a can ana ajiye shi, masu bincike na kamfanoni kuma suna iya ɗaukarsa. Kada a ɗora kundi, balle hirar da aka yi da wani bisa amana.

Duk da haka, asali mai kyau ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari. A 2017 wasu sun kutsa cikin kamfanin da ke yin CCleaner suka cusa muguwar manhaja a cikin fitowa mai lamba 5.33, aka raba ta daga shafin kamfanin da sa-hannunsa na gaskiya, mutane kimanin miliyan 2.27 suka saka ta kafin a farga a watan Satumba. Shekara goma kafin haka, a 2007, wasu sababbin faya-fayan waje samfurin Maxtor sun fito daga masana'anta da cuta a cikinsu. Abin da na fahimta daga labarin CCleaner shi ne, kowace manhaja da aka ƙara wata ƙofa ce aka ƙara wa gida. Ita CCleaner ma ba maganin cuta ba ce, shara kawai take kwashewa, haka kuma duk masu alkawarin ƙara wa kwamfuta gudu. Babu abin da za su tsinana wa faifan da tsutsa ta kama.

6.0 Idan Ba Ɓoyewa Ba Ce

Wani lokaci kayan ba ɓoye su aka yi ba. Idan fayiloli suna nan amma an ƙara wa kowane wata baƙuwar wutsiya, ba sa buɗewa, ga kuma takardar neman kuɗi a kowace jaka, to 'yar garkuwa ce. Duniya ta san WannaCry da ta afka wa ƙasashe wajen 150 a watan Mayu na 2017, amma wadda ta fi addabar ɗaiɗaikun mutane ita ce dangin STOP ko Djvu, mai bin fasassun manhajoji. Irin wannan tana kulle duk faifan da ta tarar a jone, shi ya sa bai kamata a bar faifan ajiya a jikin kwamfuta dare da rana ba. Cire cutar ba ya buɗe abin da ta kulle. A adana kullallun fayilolin, a duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da hukumar Europol da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, inda ake ba da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Biyan fansa ba ya tabbatar da samun mabuɗi.

Idan kuwa sharewa aka yi, PhotoRec ko Recuva suna iya tono abin da ba a riga an rubuta wani a kansa ba, da sharaɗin a zuba abin da aka tono a wani faifan dabam. Faifan da ke ƙara yana ƙas-ƙas, ko yake ɓacewa yana dawowa, wannan ba cuta ba ce, inji ne yake mutuwa. Dogon bincike ƙarasa shi zai yi, sai a kashe shi a kai wa gwani.

Fomatin yana da ranarsa, ranar kuwa ita ce bayan an kwashe kaya, an buɗe su a sabon wuri an tabbata suna aiki. Iri biyu ne. Na gaggawa jerin sunaye kawai yake gogewa, cikakken kuwa, tun daga Windows Vista, yana bin faifan duka yana rubuta sifiri, ya ɗauki sa'o'i, bayansa kuma babu abin da za a iya tonowa. Kowane daga cikinsu ya isa kawar da tsutsar shotkot daga faifan. An nuna a 2014, a binciken da aka sa wa suna BadUSB, cewa ana iya ɓoye mugunta a cikin ƙwaƙwalwar na'urar kanta inda fomatin ba ya kaiwa, amma da wuya ɗalibi ya ci karo da irin wannan.

Game da zuwa shago, babban faifai bai kamata ya taka ƙofar ɗaki ba. A mayar da babin da za a buga zuwa PDF, a aika ta imel, ko a sa shi a ƙaramin filash da aka ware don wannan aiki kaɗai, a kuma ɗauke shi a matsayin mai cuta duk lokacin da ya dawo. PDF ɗin yana da wata fa'idar, domin haruffanmu masu lanƙwasa ba za su rikiɗe su koma akwatuna a kwamfutar shago ba.

Daga nan ina miƙa roƙo ga malamanmu. Ana karɓar kundi a ɗaure a ajiye a sashe, amma muryoyin da aka gina kundin a kansu suna tafiya gida a faifan ɗalibi, kwafi ɗaya tilo. Da za a tanadi kwamfuta guda da ake sabuntawa, da faya-fayai biyu da ba a ajiye su a ɗaki ɗaya, a kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya miƙa kwafin hirarrakinsa tun ranar da ya dawo daga fagen bincike, da kuɗin da za a kashe bai kai na ɗaurin kundayen aji ɗaya ba. Ƙungiyar ɗalibai tana iya ɗaukar nauyin kula da rajistar, in sashe ya ba da ɗaki.